Gobara a Motocin Lantarki: Musabbabinta da Abin da Ya Shafi Mai'adua

Wannan shirin faɗakarwa, wanda aka tsara domin masu sauraro na Mai'adua da sauran garuruwan masarautar Daura, ya shafi gobarar da kan tashi a motoci da babura masu aiki da lantarki, wato ababen hawan da ba sa shan fetur ko dizal, sai dai a cika batirinsu da wuta. Mai yiwuwa wani ya ga kamar an yi gaggawar ɗauko batun, ganin cewa irin waɗannan motoci ba su yawaita a kan hanyar Daura zuwa Kwangwalam ba tukuna, amma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna cewa lokacinsu bai yi nisa ba. Tun daga watan Nuwamba na 2019, lokacin da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, mazauna garuruwan bakin iyaka suka ɗanɗana wahalar fetur fiye da kowa, sannan janye tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa farashin lita, wanda bai wuce naira 200 ba a gidajen mai da yawa, ya haura naira 1,000 a cikin 2024. Duk ɗan acaba ko mai Keke Napep da ya zauna ya yi lissafin abin da yake kashewa a kan mai, dole hankalinsa ya karkata ga abin hawan da za a caja da sola.

Nijeriya ta riga ta taka wannan hanya. A ƙarshen 2020 kamfanin Stallion ya gabatar da motar Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas, a 2021 kuma hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen sauya ƙananan motocin haya daga fetur zuwa lantarki, a nan Daura kuwa akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a 2019, inda ake sa ran horar da matasan da za su riƙe irin wannan aiki.

Abu na farko da ya kamata a tabbatar shi ne, motar lantarki ba ta fi motar fetur saurin kamawa da wuta ba, hasali ma alƙaluman da ake da su akasin haka suka nuna. Hukumar kula da al'amuran gaggawa ta ƙasar Suwidin ta ƙidaya gobara 23 a 2022 a cikin motoci kimanin 611,000 masu amfani da lantarki, har da masu haɗa lantarki da fetur, alhali a cikin motocin fetur da dizal kimanin miliyan 4.4 an samu gobara wajen 3,400, wanda ke nufin motar mai ta fi ta lantarki kamawa da wuta kusan sau ashirin. Sai dai akwai gyara a wannan lissafi, domin yawancin motocin lantarkin da aka ƙidaya sababbi ne, kuma a ƙasa mai sanyi da hanyoyi masu kyau suke yawo, saboda haka ba za a ɗauko adadin a ɗora shi kai tsaye a kan tsohuwar mota mai bin hanyar burji a watan Afrilu ba. Mutanen wannan yanki kuwa ba sa buƙatar a koya musu haɗarin fetur, tunda jarkokin 'yan bumburutu suna jere a bakin hanya, kuma ba a manta da tankar da ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 ba, wadda ta halaka fiye da mutum 150. Abin da ya bambanta gobarar batir shi ne halinta: tana iya tashi motar na ajiye cikin dare, tana da wuyar kashewa, kuma tana iya dawowa bayan an tabbata ta mutu.

Fahimtar wannan hali na buƙatar a san yadda batirin yake. Kusan duk motocin lantarki na yau suna amfani da batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayar hannu da fawa banki, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Abin da ake kira batirin mota ba guda ɗaya ba ne, ƙunshi ne na ƙananan ƙwayoyi ɗaruruwa ko dubbai da aka jera a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin motar, nauyinsa kan kai kilo 300 zuwa 600, kuma tsohuwar Tesla Model S tana ɗauke da ƙwayoyi fiye da 7,000. A cikin kowace ƙwaya akwai falle biyu masu riƙe wuta, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa, an naɗe su ko an jera su dab da juna, a tsakaninsu kuma an shimfiɗa wani shamaki na roba wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Aikin shamakin shi ne ya hana fallayen biyu taɓa juna, amma ya bar ƙwayoyin zarra na litiyam su riƙa ratsawa ta ƙananan ƙofofinsa, suna zuwa wancan ɓangare lokacin caji, suna dawowa lokacin tafiya. Abin da suke iyo a cikinsa wani ruwan sinadari ne wanda, saɓanin ruwan batirin mota da aka saba da shi, yana kamawa da wuta.

Duk gobarar batirin litiyam daga wannan shamaki take samo asali, ko kuma ta bi ta kansa. Idan ya huje, ko ya naɗe, ko ya narke, fallayen biyu sukan haɗu, sai wutar da aka tara domin tafiyar sa'o'i ta zube wuri ɗaya cikin daƙiƙoƙi ta zama zafi. Zafin kan fara narkar da sauran shamakin idan ya kai digiri 130 zuwa 165 a ma'aunin Salshiyos, abin da ke ƙara faɗaɗa wurin haɗuwar, sannan sinadaran cikin ƙwayar su fara wargajewa, kuma wargajewar tasu ita ma zafi take haifarwa. Idan abin ya haura digiri 200, fallen da ke ɗauke da nikel da kobal kan fara sakin iskar oksijin, wato iskar da wuta ke rayuwa da ita, ta yadda ƙwayar za ta zama tana da makamashi da iska da zafi duka a cikinta, ba ta jiran komai daga waje. Wannan shi masana ke kira kubcewar zafi, ma'ana matakin da zafi ke haifar da ƙarin zafi har ya fi ƙarfin duk wata na'urar sanyayawa. Daga ƙwaya ɗaya yakan tsallaka zuwa maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda wuta ke bin dangar kara daga gida zuwa gida a lokacin hunturu, kuma harshen wutar da ke fita ta gefen motar kan iya haura digiri 1,000.

Musabbabi na farko daga masana'anta yake fitowa, kuma shi ne wanda mai mota ba shi da hannu a cikinsa. Tsakanin 2020 da 2021 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi a dawo masa da duk motocin Chevrolet Bolt da ya ƙera, sama da 140,000, bayan an gano cewa wasu ƙwayoyin batirin da kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya haɗa suna da aibi biyu a wuri guda, yagaggen harshen falle da kuma naɗaɗɗen shamaki. Kafin a kammala gyaran, wanda ya ci kusan dala biliyan biyu, an shawarci masu motocin da kada su cika caji ya wuce kashi 90 cikin ɗari, kuma kada su bar motar ta kwana a cikin gida tana caji. Hyundai ma ya janye motoci kimanin 82,000 a 2021, yawancinsu Kona, domin sauya batirinsu baki ɗaya. A ranar 1 ga Agusta, 2024 kuwa, wata Mercedes-Benz mai lantarki da ke ajiye a wurin adana motoci na ƙarƙashin ƙasa a birnin Inchon na Koriya ta Kudu, ba ta tafiya kuma ba ta caji, ta kama da wuta, aka shafe fiye da sa'o'i takwas kafin a shawo kanta, motoci fiye da 100 suka lalace. Darasin da ke nan ga mai saye a Nijeriya shi ne, a ƙasashen da aka ƙera motocin kamfani kan aika wa mai mota takarda ya kira shi gyara kyauta, amma motar da ta bi ta hannu uku ta shigo ta Kwatano babu wanda zai neme ta, sai dai mai sayen ya ɗauki lambar jikinta ya bincika a intanet ko tana cikin waɗanda aka janye.

Musabbabi na biyu, wanda ya fi kusa da yanayin wannan yanki, shi ne rauni a jikin batir. Tunda ƙunshin a ƙarƙashin mota yake, duk dutsen da ya daki cikinta, ko gefen kwalbatin da ta goga, ko ramin da ta faɗa da gudu, zai iya lotsa akwatin ya matse wasu ƙwayoyi ba tare da direba ya ga komai ba. Abin tsoron shi ne raunin kan yi shiru na kwanaki. A 2011 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi gwajin karo da wata Chevrolet Volt, motar da Jelani Aliyu ya zana siffarta ta farko lokacin yana aiki a General Motors, aka ajiye ta a fili, sai bayan mako uku ta kama da wuta, saboda karon ya fasa batirin, ruwan sanyayawa ya zuba a kan kayan wutarsa. Matsalar ba ta shafi zanen jikin motar ba, kuma kamfanin ya ƙara ƙarfafa akwatin batirin daga baya, amma abin ya zama darasi ga duk masana'antar. Ya kamata a tuna da wannan a kasuwar motocin gwanjo, domin sananne ne cewa da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka na haɗari ne da aka saya da araha, aka buge su aka yi musu fenti. Motar fetur da aka yi wa haka tana iya yin shekaru goma tana aiki, amma motar lantarkin da batirinta ya taɓu ba ta gyaruwa da guduma da fenti.

Ruwa ma rauni ne. An rufe akwatin batir yadda ruwan sama da kududdufi ba za su shige shi ba, amma idan ya tsufa ko ya tsage, ko motar ta daɗe a nutse, ruwa kan shiga ya bar gishiri da datti waɗanda ke haɗa waya da waya. Bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Fulorida ta Amurka a watan Satumban 2022, gomman motocin lantarki da ruwan teku ya shanye sun kama da wuta, wasu bayan kwanaki ko makonni. Babu teku a ƙasar Daura, amma akwai ambaliyar watan Agusta, akwai kuma motocin da ambaliya ta lalata a ƙasashen waje aka sayar da su nan.

Musabbabi na uku shi ne caji, kuma a nan ne hannun ɗan Adam ya fi bayyana. Kowane batir mai inganci yana da wata ƙaramar kwamfuta da ake kira na'urar kula da batir, wadda ke auna ƙarfin wuta da zafin kowane rukuni na ƙwayoyi, ta katse caji idan ya cika, ta kuma hana a zuƙe batirin har ƙasa. Idan na'urar ba ta da kyau, ko wani mai gyara ya cire ta saboda tana hana babur tashi, ko aka yi amfani da cajar da ba ta batirin ba, sai a cika ƙwaya fiye da ƙima, litiyam ya taru a fuskar falle ya tsiro da wasu tsinaye masu kaifi waɗanda a hankali suke huda shamaki. Haka kuma batirin da aka bari ya mutu murus na watanni, sannan aka kai wa mai gyara ya tayar da shi da ƙarfin tsiya, ya riga ya lalace daga ciki ko da ya karɓi caji. Sau da yawa ma ba batirin ne ke fara kamawa ba, wayar gidan ce: cajin mota kan ja wuta mai yawa na sa'o'i masu yawa ba hutawa, abin da soket mai araha da siririyar waya da aka yi wa ɗauri da leda ba za su jure ba. A yankin da kamfanin KEDCO ke rarraba wa wuta, inda ake ɗaukewa a dawo da ita cikin dare, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce ƙima, kuma ake cike giɓi da ƙaramin janareta, barin abin hawa a jone ana barci ganganci ne.

Zafin gari kuwa, wanda a Mai'adua kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, shi kaɗai ba ya kunna batir mai lafiya, tunda akwai tazara mai yawa tsakaninsa da matakin da shamaki ke narkewa. Abin da yake yi shi ne ya tsufar da batir da wuri, ya kuma rage tazarar da ke tsakanin aiki da haɗari, musamman idan an jona caji nan take bayan doguwar tafiya, a cikin rana ko a shagon kwano marar taga. Manyan motoci da yawa suna da ruwan da ke zagaya batir yana sanyaya shi, amma babura da kekuna masu ƙafa uku galibi ba su da shi. Indiya, wadda zafinta ya yi kama da na nan, ta ga haka a bazarar 2022, lokacin da baburan lantarki suka riƙa kamawa da wuta a jihohi daban-daban, kuma binciken da gwamnatin ƙasar ta sa aka yi ya ɗora alhakin a kan ƙwayoyi marasa inganci da raunin na'urar kula da batir. A watan Satumban shekarar, gobarar da ta tashi a shagon baburan lantarki a garin Sikandarabad ta kashe mutum takwas a masaukin baƙin da ke saman shagon, yawancinsu hayaƙi ne ya shaƙe su.

Wannan ne ya sa duk mai nazarin lamarin da idon basira zai ga cewa haɗarin da zai fara isowa Mai'adua ba daga babbar mota zai fito ba, daga ƙananan batura ne: na babur, na Keke Napep, na inbata da sola, da fawa bankin da ake sayarwa a faranti ranar Lahadi a kasuwa. Su ne ake shigowa da su ba tare da tantancewar hukumar kula da ingancin kaya ba, su ne ake haɗawa daga tsofaffin ƙwayoyi, kuma su ne ake shigarwa ɗaki. A birnin Niyok na Amurka, baturan kekuna da babura sun haddasa gobara 268 a 2023, mutum 18 suka mutu, a birnin Nanjin na Sin kuma gobarar da ta tashi daga wurin ajiye baburan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15 a watan Fabrairun 2024. A tsarin gidan Bahaushe, inda babur kan kwana a zaure ko soro saboda tsoron ɓarayi, kuma zauren shi ne ƙofa ɗaya tilo ta fita, cajin babur a nan na nufin idan wuta ta tashi ta tare wa iyalin gidan hanya. Ya fi dacewa a yi caji da rana, a rumfa mai iska, nesa da jarkar fetur da harawa da katifa, da cajar da ta zo da batirin, kuma a bar shi ya huce tukuna. Mai saye kuma yana da haƙƙin ya tambayi dila irin batirin, domin nau'in da aka haɗa da ƙarfe da fosfet, wanda kamfanin BYD na Sin da yawancin baturan sola na zamani ke amfani da shi, ya fi mai nikel da kobal jure zafi, ko da yake shi ma ba a ce ba ya ƙonewa ba.

Batir kan ba da alama kafin ya kama: kumburi, zafin da hannu ba ya jurewa, wari mai kama da na sinadarin fenti, ƙarar huci ko fashe-fashe, da farin hayaƙi mai kauri wanda wani lokaci kan bi ƙasa. Hayaƙin ba tururi ba ne, cakuɗe ne na iskar haidirojin mai fashewa, da iskar nan mai kisa da ke fita daga janareta, da wata mai ƙona huhu da ido, saboda haka wanda ya gan shi ya fitar da mutane, ya tsaya ta inda iska ke tasowa, ya kashe wuta daga babban makunni idan hakan ba zai kai shi kusa ba, sannan a kira 'yan kwana-kwana a kuma gaya musu tun a waya cewa abin hawan na lantarki ne. Tukunyar kashe gobara ta hoda, da yashi, da bargo, suna iya danne harshen wuta na ɗan lokaci, amma ba sa tsayar da abin da ke faruwa a cikin ƙwayoyin, tunda toshe iska ba ya kashe wutar da ke samar wa kanta iska. Abin da ke aiki shi ne sanyayawa da ruwa mai yawa na dogon lokaci, kuma littafin da Tesla ya rubuta wa masu aikin ceto ya ambaci kimanin lita 11,000, wato jarka 440 mai cin lita 25, adadin da ya fi abin da motar kwana-kwana ɗaya ke ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tanadin ruwa da horar da ma'aikata a Daura da Mai'adua aiki ne da ya kamata hukumar kashe gobara ta Jihar Katsina ta sa a gaba tun motocin ba su yawaita ba. Makanikai da masu taimako a wurin haɗari kuma su sani cewa wayoyi masu launin ruwan lemo a jikin motar lantarki suna ɗauke da ƙarfin wuta da ya kusa ninka na soket ɗin gida sau biyu, a wasu motocin ma ya haura ninki uku, kuma ba a yanka su ko da motar a kashe take.

Mutuwar harshen wuta ba ta nufin an gama, domin ƙwayoyin da ba su ƙone ba suna nan da sauran caji a cikin lalataccen akwati. Wata Tesla da ta yi haɗari a jihar Kalifoniya ta Amurka a watan Maris na 2018 ta sake kamawa da wuta bayan kwana biyar a filin da aka ja ta aka ajiye, shi ya sa ƙa'idar masu aikin ceto ta tanadi a ajiye irin wannan mota a fili, tazarar aƙalla mita 15 daga gini ko wata mota. Ƙa'idar ta shafi ƙaramin batir ma. Wanda ya kumbura ko ya ƙone ba a mayar da shi ɗaki, ba a jefa shi a bola inda ake cinna wa shara wuta, kuma 'yan gwangwan da suka saba fasa tsohon batirin mota da gatari domin ciro darma su lura cewa na litiyam ba darma a cikinsa, kuma sara ɗaya ya isa ya haɗa fallayensa ya tashi da wuta a hannun mai saran.